Rabin Wata Biyu a Kaskon Mai

Sallau ya kawo bas ɗinsa ran Laraba,
tun daga Kwangila yara ke turo ta.
Ya ce giya ta ƙi shiga,
kuma akwai wani ƙwas, can ƙasa,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka tashi.

Ban tanka ba.
Na cusa ƙarfen taya bayan fuli, na tura.
Karanshaf ya tafi. Na jawo, ya dawo.
Abin da bai kamata ya gota kaurin gashi uku ba
yana kai-kawo kamar ɗan aike
tsakanin Samaru da Sabon Gari.

Tanimu, kwance kaskon mai.

Baƙin man na ƙyalli da muka tsiyaye,
garin tagulla ya kwanta a gindi,
a nan muka tsince su:
rabin wata biyu,
ɗaya ya lanƙwashe, ɗaya ya siɗe kamar reza.

Ka gan ta, Sallau? Washa ce.
Kuɗinta bai kai lodi guda zuwa Giwa ba.
Ba ta juyi, ba ta ƙara,
ba mai yi mata kirari irin na fistan.
Nata kawai ta tsaya ta tokare.
Duk dannar da ƙafarka ta yi a sama
a kuncinta take sauka.

Na san ƙafar nan.
Na shiga motarka bara, za ni ta'aziyya.
A cunkoson PZ ka danne kulochi
kana musu da yaronka kan canjin naira hamsin,
aka yi musun aka gama, aka sake sabo,
ba ka ɗaga ba.
A miƙaƙƙen titi ma feda ce matashin ƙafarka.
Da asuba kuwa, mai na kwance bai farka ba,
ka taka har ƙasa, ka murza makulli,
ƙarfe ya ci ƙarfe gaya, ba miya.

Ya ce, ai haka ubangidana ya koya min.
Na ce, nawa ubangidan, Ɗanjuma na Tudun Wada,
Allah ya kai haske kabarinsa,
da tsinkakken fambel ya koya min akasin haka.
Har yau in zan ta da mota sai bayana ya tuna.

Sa ta a firi kafin ka tayar.
Bar ta ta yi numfashi, mai ya zaga dangi.
In an tsaya, fitar da giya, sauke ƙafa,
ƙasan mota ba ya cizo.
Bar wa feda ɗan wasa, kaurin yatsa.
Man galan na bakin titi, wanda ba ka san uwarsa ba,
bar shi a bakin titi.

Kai kuma Tanimu, daina dariya.
Wa ya taɓa ɗaura ta a juye
a motar malamin nan na Kongo?
Fuskar mai tsaga ke kallon karanshaf,
tsagar nan lambatun mai ce.
Shafa mata mai, buga shi baya, buga shi gaba,
sai ya zauna kafin ka ɗaure.
Auna. Sake aunawa. Hannu na ƙarya, geji ba ya yi.

Kwana shida motar ta yi a kan jak.
Da ya zo biya sai da ya ƙirga sau biyu,
yana cewa ɗan wannan abu, ɗan wannan abu.

Ina da gwangwanin madara a ƙarƙashin benci,
ya kusa cika da irinsu.
Sunayen masu su sun ɓace min,
ƙafafun ne ban manta ba.
Na jefa nasa ciki.

A bakin gareji ya tsaya jiran tirela ta wuce.
Na leƙa ta taga, ba fuskarsa nake kallo ba,
gwiwarsa ta hagu.
Tana ƙasa.
Ya gan ni.
A hankali, kamar mai cire ƙaya,
ya ɗago ta.